Yadda Sharuɗɗan Lasisin Apple da Nokia Suka Kuɓuce wa Lauyoyi a Shari'ar Apple da Samsung

A watan Afrilun 2011 kamfanin Apple ya maka Samsung a kotun tarayya ta Arewacin Kalifoniya da ke San Jose, yana zarginsa da kwaikwayon fasalin iPhone da iPad. Samsung ya mayar da martani da tasa ƙarar kan wasu haƙƙoƙin ƙirƙira na fasahar sadarwa. Abin da duniya ta fi riƙewa daga wannan shari'a shi ne hukuncin Agustan 2012, lokacin da masu taimaka wa alƙali suka yanke wa Samsung diyyar da ta haura dala biliyan ɗaya. Amma a gefen babbar shari'ar an yi wata ƙarama wadda ta fi amfanar duk wanda aikinsa ya haɗa da riƙe takardun abokin shari'a. Ita ce rigimar yadda sharuɗɗan wata yarjejeniyar sirri tsakanin Apple da Nokia suka isa hannun ma'aikatan Samsung, alhali kotu ta hana.

A tsarin shari'ar farar hula na kotunan tarayyar Amurka, kafin a zauna sauraron shaidu akwai matakin musayar hujjoji. Kowane ɓangare na da ikon ya nemi ɗaya ɓangaren ya miƙa masa takardun da suka shafi ƙarar, ko da kuwa takardun za su cutar da mai su. A shari'ar haƙƙin ƙirƙira, ɗaya daga cikin manyan tambayoyi ita ce nawa ya dace a biya don amfani da fasahar da ake jayayya a kai, kuma hanya mafi kusa ta gane hakan ita ce a duba abin da wasu suka biya a yarjejeniyoyi makamanta. Don haka dole Apple ya fito da lasisin da ya ƙulla da Nokia da Ericsson da Sharp da Philips.

Matsalar a fili take. Samsung ma yana zama teburin ciniki da waɗannan kamfanoni. In ya san nawa Nokia ya karɓa daga Apple a sulhun da suka yi a watan Yunin 2011, ya san inda Nokia zai iya sassautowa tun kafin a fara magana. Kuma Nokia ba ya cikin ƙarar. Bai kai kowa kotu a nan ba, ba a kai shi ba, amma sirrinsa ne ke yawo tsakanin lauyoyin wasu.

Abin da umarnin kariya ya tanada

Doka ta 26(c) ta dokokin shari'ar farar hula na tarayya ta ba alƙali ikon ya ba da umarni, in an nuna dalili mai kyau, cewa kada a bayyana sirrin sana'a ko bayanan bincike da na kasuwanci, ko kuma a bayyana su ta wata hanya da aka iyakance. A aikace lauyoyin ɓangarorin biyu ne ke tsara rubutun, alƙali ya duba ya sa hannu. Daga nan ya tashi daga matsayin alkawari tsakanin lauyoyi, ya zama umarnin kotu, wanda saɓa masa ke jawo hukunci a ƙarƙashin Doka ta 37. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar a 1984, a shari'ar jaridar Seattle Times da Rhinehart, cewa hana mutum yaɗa abin da ya samu ta hanyar musayar hujjoji bai tauye masa 'yancin faɗin albarkacin baki ba, tunda ba don ikon kotu ba da bai ga takardar ba tun farko.

Kotun Arewacin Kalifoniya tana da samfurin irin wannan umarni na shari'o'in fasaha, wanda ya kasa takardu mataki uku. Na farko shi ne "sirri", wanda wasu jami'an kamfanin da ya karɓa za su iya gani in aikin shari'ar ya buƙaci haka. Na biyu shi ne babban sirri na idon lauya kaɗai: lauyoyin waje da ƙwararrun da aka amince da su za su karanta, amma wanda ya ɗauki lauyan ba zai gani ba. Na uku na asalin rubutun manhaja ne, wanda ake dubawa a kwamfuta marar intanet a cikin ɗaki mai tsaro. A ƙarƙashin irin wannan umarni da kotu ta bayar a shari'ar Apple da Samsung, lasisin Nokia a mataki na biyu Apple ya sa shi.

Mataki na biyun nan yana da nauyi a kan lauya fiye da yadda ake zato. Lauya ya saba gaya wa wanda yake karewa duk abin da ya gano, da'ar aikinsa ma haka ta ce. A nan kuwa an ce masa ya karanta, ya gina hujjarsa a kai, ya ba da shawara, amma kada ya faɗi abin da ya karanta. Ko lauyan da ke cikin kamfanin ana iya hana shi gani. Kotun ɗaukaka ƙara ta Yanki na Tara, wadda Kalifoniya ke ƙarƙashinta, ta amince da haka a 1992 a shari'ar Brown Bag Software da Symantec, bisa hujjar cewa lauyan da ke ba da shawara kan farashi da kwangila ba zai iya raba kansa biyu ba, ya san abu a kotu ya manta da shi a ɗakin taro. Ba zargin rashin amana ba ne. Magana zarar bunu ce, abin da ido ya karanta kuwa ba a zare shi daga kai.

Samfurin ya kuma tanadi takardar rantsuwa da duk wanda za a nuna wa sirrin zai sa wa hannu, cewa ya karanta umarnin kuma ya yarda kotu ta hukunta shi in ya saɓa. Kafin a nuna wa ƙwararre takardun mataki na biyu, sai an sanar da mai takardun sunansa da wuraren da ya yi aiki, shi kuma yana da kwana 14 ya ƙi. Akwai kuma sashen da ya zama ƙashin bayan wannan lamari: in ɓangare ya gano ya bayyana sirri ga wanda bai halatta ba, ko da bisa kuskure, dole nan take ya sanar da mai sirrin a rubuce, ya yi iya ƙoƙarinsa ya dawo da duk kwafin, ya shaida wa waɗanda suka gani sharuɗɗan umarnin, ya nemi su sa hannu a takardar rantsuwa.

Inda aka samu ɓaraka

Ofishin lauyoyi na Quinn Emanuel ne ke kare Samsung. Sun ɗauki wani masanin tattalin arziki ya rubuta rahoto kan kuɗin lasisi, shi kuma an yarda ya ga takardun Apple. Rahotonsa ya ambaci sharuɗɗan lasisin Nokia. Har nan babu laifi.

Samsung yana da haƙƙin ganin rahoton ƙwararren da yake biya, amma sai an toshe duk wurin da ya taɓo sirrin Apple. A watan Maris na 2012 aka ba wani ƙaramin lauya wannan aiki. Ya toshe wurare da yawa, wasu suka wuce masa, kuma a cikin waɗanda suka wuce har da muhimman sharuɗɗan yarjejeniyar Nokia. Babu wanda ya sake duba aikin bayansa. Aka ɗora rahoton a wani rumbun FTP, wato ma'ajiyar fayiloli ta intanet, da ma'aikatan Samsung ke iya shiga, aka aika da imel mai bayanin yadda za a sauke shi. Daga nan rahoton ya kama tafiya irin ta kowace takarda a babban kamfani: wannan ya tura wa wancan, an liƙa shi a wasu saƙonni, ya kai ga masu cinikin lasisi, ya kai ga lauyoyin da ke kare Samsung a wasu shari'o'i a wasu ƙasashe. Umarnin farko da kotu ta bayar kan batun ya ambaci ma'aikatan Samsung sama da 50. Da bincike ya yi nisa, adadin mutanen da rahoton ya isa gare su ba bisa ƙa'ida ba ya haura 200.

A watan Disambar 2012 wani lauya a ofishin ya lura cewa akwai bayanin lasisin Nokia da ba a toshe ba a kwafin da aka tura. Aka nemi wanda ya karɓi wannan saƙon ya goge shi. Ba a sanar da Apple ba. Ba a sanar da Nokia ba. Ba a koma aka bi sawun kwafin da suka fita tun watan Maris ba. A ganina nan ne lamarin ya tashi daga kuskure ya zama laifi, domin daga wannan rana ofishin ya san abin da ya faru, umarnin kuma ya faɗi ƙarara abin da ake yi in an sani.

Asirin ya tonu ne ta inda ba a zata ba. A ranar 4 ga Yunin 2013 wakilan Samsung da na Nokia suka zauna cinikin lasisi. Shugaban sashen haƙƙin ƙirƙira na Nokia ya rantse daga baya cewa wani babban jami'in Samsung ya gaya masa a wannan zama ya san sharuɗɗan yarjejeniyar Nokia da Apple, ya karanto su, ya ce daga lauyoyinsu aka samu, har ya ƙara da cewa kowane bayani yakan fita. Nokia ya garzaya kotu. Samsung ya musanta, ya ce jami'in nasa dabarar ciniki kawai ya yi, yana nuna kamar ya sani, kuma alƙaluman da ya faɗa daga ƙiyasi da rahotannin waje ya haɗa su.

Abin da kotu ta yi

Mai Shari'a Lucy Koh ce ke riƙe da babbar ƙarar, amma batutuwan musayar hujjoji suna hannun alƙalin majistare Paul Grewal. A farkon Oktoban 2013 ya ba da umarnin a buɗe bincike: a kawo saƙonnin imel, a gabatar da mutane su yi shaida da rantsuwa. Wannan kaɗai hukunci ne mai zafi, don ya kai ga alƙali ya karanta wasiƙun da ke tsakanin Samsung da lauyoyinsa a keɓe, irin wasiƙun da a ƙa'ida ba mai gani.

A ƙarshen Janairun 2014 ya yanke hukunci, kuma yadda ya rarrabe laifuffukan ya cancanci a tsaya a kai. Kuskuren ƙaramin lauyan bai ɗauke shi wani babban abu ba, ya ce irin wannan yakan faru a shari'a mai tarin takardu. Abin da ya kama ofishin da shi abu biyu ne. Na farko, tsarin aikinsu: ofishi mai ɗaruruwan lauyoyi ya bar sirrin wani kamfani ya rataya a kan idon mutum ɗaya, babu na biyu da zai duba. Na biyu, shirun da suka yi bayan sun gano. Game da zaman watan Yuni kuwa, ya nuna cewa bayanin Samsung bai gamsar da shi sosai ba, amma hujjar da ke gabansa ba ta kai ya tabbatar da cewa an yi amfani da sirrin da gangan ba. Don haka bai ba Apple da Nokia manyan hukunce-hukuncen da suka nema ba, kamar hana wasu jami'an Samsung shiga cinikin lasisi na tsawon shekaru. Ya tsawata wa ofishin a rubuce, ya ɗora masa alhakin tabbatar da an goge kwafin rahoton daga hannun Samsung, ya kuma ce a biya Apple da Nokia abin da suka kashe wajen bin wannan batu. A watan Yunin 2014 aka ƙayyade kuɗin: kimanin dala miliyan 1.1 ga Nokia, kusan dala dubu 894 ga Apple.

Dala miliyan biyu ba komai ba ce ga kamfanoni irin waɗannan, kuma kuɗin lauyoyi kawai ta mayar. Asarar da Nokia ya ce ya yi a teburin ciniki babu wanda ya auna ta, babu kuma hanyar aunawa. Wannan shi ne raunin kowane umarnin kariya: yana iya hukunta wanda ya saɓa, ba ya iya mayar da sirri sirri. Shi ya sa aikin gaske yake a matakin hanawa.

Gyaran da lamarin ke nunawa

Toshe rubutu aiki ne mai gajiyarwa da ake yawan bari sai dare ya yi, a hannun mafi ƙanƙanta a ofis. Rahoton ƙwararre na iya kai ɗaruruwan shafuka, kuma sirri ba ya zama wuri ɗaya. Adadin da aka toshe a sakin layi na 40 zai sake fitowa a ƙaramin rubutu na ƙasan shafi, a jadawalin da ke rataye a ƙarshe, a taƙaitawar farko, ko a wani lissafi da za a iya warwarewa a gano shi. In an toshe kason da aka biya amma aka bar jimillar kuɗin da yawan wayoyin da aka sayar, mai kalkuleta zai fitar da abin da aka ɓoye cikin minti ɗaya. Hanyar da ta fi aminci ita ce kafin a fara a rubuta jerin sunayen kamfanoni, alƙaluma, ranaku da lambobin shaidar takardun sirrin da ƙwararren ya dogara da su, a bi kowanne da bincike a cikin fayil ɗin, sannan wani lauya daban da ya san shari'ar ya karanta daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ya ga jerin na farko ba.

Akwai matakin da ya fi wannan ƙarfi, kuma ba ya cin komai sai 'yan kwanaki: a aika wa lauyoyin mai sirrin kwafin da aka toshe su duba kafin a miƙa wa kowa. Su ne suka fi sanin abin da zai cutar da su, kuma in suka amince, alhakin ya rabu. Ya kamata a rubuta wannan a cikin umarnin tun farko, tare da wa'adi, misali kwana uku na aiki, don kada ɗaya ɓangaren ya riƙe takarda ya ɓata lokaci.

Sai kuma ɓangaren na'ura. Zana baƙin akwati a kan rubutu a fayil ɗin PDF ba gogewa ba ne, rubutun yana nan a ƙasa. Wannan ya faru a cikin wannan shari'ar ma, kuma daga ɓangaren kotu: a watan Disambar 2011 an fitar da hukuncin Mai Shari'a Koh kan buƙatar Apple ta dakatar da sayar da kayan Samsung, da wasu wurare a toshe, sai 'yan jarida suka kwafe rubutun suka liƙa a wani fayil, abin da aka ɓoye ya bayyana. Dole a yi amfani da kayan aikin da ke cire rubutun gaba ɗaya, a share bayanan da ke ɓoye a jikin fayil da tarihin gyare-gyare, sannan a gwada: a zaɓi dukkan rubutun, a kwafe, a liƙa a shafi marar komai, a nemi kalmomin da aka toshe.

Rumbun FTP ɗin ma darasi ne. Da zarar takarda ta zama abin da ake saukewa a liƙa a imel, ba wanda zai iya faɗin inda ta kai. Da an ajiye rahoton a wurin da ake karantawa kawai, kowa da sunan shigarsa, ana rubuta wanda ya buɗe da lokacin da ya buɗe, da ranar da aka gano kuskuren a rufe ƙofa a fitar da jerin sunaye cikin awa guda. Kwafi mai cikakken sirri da wanda aka toshe kada su zauna a jaka ɗaya, kuma sunan fayil ya nuna matakinsa, kamar yadda ake buga tambarin matakin a kowane shafi.

Game da sanarwa kuwa, abin da ke hana lauyoyi yin ta sananne ne: kunya, tsoron ba abokin gaba makami, da fatan cewa ba wanda ya karanta wurin. Amma wanda ya kawo kansa a Disambar 2012 da wasiƙa mai cewa ga abin da ya faru, ga waɗanda suka karɓa, ga abin da muka yi, zai fuskanci ɓacin rai da wataƙila ɗan kuɗi. Kuma da Nokia ya shiga zaman watan Yuni yana sane, zai iya neman a cire duk wanda ya ga rahoton daga tawagar ciniki. Wata shida na shiru shi ne ya hana shi wannan dama. Ofishin da ya san aikinsa yakan rubuta tun kafin komai ya faru wane ne za a kira, cikin awa nawa, da wanda ke da ikon aika sanarwar, don kada shawarar ta rage a hannun wanda ya yi kuskuren.

Matsayin Nokia na wanda ba ya cikin ƙara yana buƙatar tanadi na musamman. Yawancin yarjejeniyoyin lasisi suna da sharaɗin cewa in kotu ta tilasta wa ɗaya ya fito da takardar, sai ya sanar da ɗayan. Samfurin kotun ya ba irin wannan kamfani kwana 14 ya nemi kariya kafin a miƙa. Abin da ya kamata a ƙara shi ne cewa in an samu ɓaraka, sanarwa ta je gare shi kai tsaye, kuma yana da ikon shigowa ya nemi a hukunta, ba sai ya jira abokin yarjejeniyarsa ba.

Umarnin kariya kuma ba ya kulle takarda a rajistar kotu. Abu biyu ne daban. Musayar hujjoji tsakanin lauyoyi ba a bainar jama'a ake yin ta ba, amma abin da aka shigar gaban alƙali jama'a na da haƙƙin gani. A Yanki na Tara, tun hukuncin Kamakana na 2006, wanda ke son a rufe takardar da ta shafi zuciyar ƙara sai ya kawo dalilai masu ƙarfi ƙwarai, tambarin "sirri" kaɗai bai isa ba. Mai Shari'a Koh ta ƙi rufe bayanan kuɗi da dama na kamfanonin biyu a 2012, sai da kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta juya wannan a Agustan 2013. Wanda ya buga tambarin babban sirri a kan kowace takarda, har da abin da ke shafinsa na intanet, yana rage wa tambarin daraja a idon alƙali, yana kuma ƙara wa mai toshewa aikin da zai sa ya tsallake wanda yake sirri na gaske.

Apple kansa bai tsira ba. Ana tsakiyar neman a hukunta Samsung, sai aka gano a farkon 2014 cewa lauyoyin Apple sun shigar da wata takarda a rajistar kotu tun watan Oktoban 2013 mai ɗauke da sharuɗɗan lasisin Nokia a buɗe, ta kuma zauna a inda kowa zai iya saukewa har kusan wata huɗu. Samsung ya yi amfani da wannan ya nemi a rage masa kuɗin da zai biya. Bambancin shi ne ɓangaren Apple sun sanar da kotu da Nokia da suka gano, aka cire takardar.

Kamfanonin biyu sun sasanta shari'ar a watan Yunin 2018. A samfurin kotun, daga ranar da ƙara ta ƙare kowane ɓangare na da kwana 60 ya mayar ko ya lalata duk takardun sirrin da ya karɓa, har da taƙaitawa da abin da aka ciro daga cikinsu, ya kuma ba da shaida a rubuce cewa bai riƙe komai ba. An yarda lauyoyi su ajiye kwafi ɗaya na takardun da aka shigar kotu da rahotannin ƙwararru a ma'ajiyarsu, amma waɗannan suna nan ƙarƙashin umarnin har sai mai sirrin ya yafe a rubuce ko kotu ta ce akasin haka. Wurin da wannan shaida ta fi wuyar cikawa shi ne akwatunan imel na ƙwararru da mataimakansu, kamfanonin da aka ba aikin adana takardun shari'ar, da kwafin ajiya da na'urori ke yi da kansu kowane dare, don haka a nemi kowannensu ya kawo tasa shaidar a rubuce kafin lauya ya sa hannu a kan tasa.